Takardar labarai ta Nuwamba zuwa ga iyayen 'yan firamare: me ake sawa, me ake bari?

Sabuwar Malama, Aboabo

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Makarantar firamare ce ta gwamnati a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, daga KG (ajin share fage) zuwa aji 6, yara sun haura 400, yawancinsu 'ya'yan Zango. An tsayar da cewa kowane wata za a fitar da takardar labarai zuwa ga iyaye. Ta Satumba da ta Oktoba sun fita shafi huɗu-huɗu, da Turanci, da jawabin hedimasta da hotuna, amma a taron iyaye aka tarar kusan babu wanda ya san abin da ke ciki. Yanzu ga ta Nuwamba ta taso, ga jarrabawar zangon farko a Disamba.

Tambayata uku ce. Me ya kamata ya shiga ta wannan wata? Yaya ake bayyana abin da yara ke koyo a aji ta yadda uwar da ba ta karanta Turanci za ta gane, har ta taimaka? Sannan takarda ta fi ko WhatsApp? Masu ƙwarewa a taimaka dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hedimasta, Asawase

Wa alaikumus salam. Malama, sannu da aiki. Ta Nuwamba daban take da sauran. Ta Satumba maraba ce. Ta Disamba kuwa an riga an yi jarrabawa, duk abin da aka gaya wa iyaye a lokacin ihu ne bayan hari. Ta Nuwamba ce kaɗai ke shiga gida da sauran mako huɗu ko biyar a hannu, kuma sun isa a gyara wani abu idan an san inda yaro ke ɗingishi. Don haka ta fita a makon farko na wata, da an dawo daga hutun tsakiyar zango. In ta kai 20 ga wata ba ta fita ba, rabin amfaninta ya tafi.

Shafi huɗu ya yi yawa. Falle ɗaya na A4, gaba da baya, baƙi da fari, girman harafi 12 ko 13. Jawabin hedimasta ya dawo layi uku: gaisuwa, godiya, da abu guda da yake roƙo. Hotuna a cire su, domin injin kwafi yana mai da fuskokin yara baƙin dunƙule, ga cin tawada, ga cin wuri.

Saman shafin farko na ranaku ne, a cikin akwati mai kaurin layi: ranar fara bita, ranar fara jarrabawa da ranar gamawa, ranar taron iyaye, ranar ba da hutu, ranar dawowa a Janairu. Ki rubuta sunan rana tare da lambarta, domin a gidajenmu da Litinin da Talata ake riƙe lokaci, ba da lamba ba. Ranakun kuma ki kwafo su daga takardar kalandar GES, wato hukumar ilimi ta Ghana, ta wannan shekara da ke ofishin hedimasta, kada ki ɗauko daga ta bara, kada kuma daga hoton da ke yawo a waya. Bayan korona an yi shekarun da ake buɗe sabuwar shekarar karatu a Janairu kafin a dawo da ita Satumba, har yau akwai iyayen da lissafin ya rikice musu. Ranar Manoma ma ki kula da ita. Ranar hutu ce, a ƙa'ida Juma'ar farko ta Disamba, kuma tana faɗowa dab da jarrabawa ko a tsakiyarta. Amma a shekarar zaɓe akan matso da ita Nuwamba, kamar 2024 da aka yi ta ranar 8 ga Nuwamba. Kuskuren rana ɗaya a wannan akwati ya isa ya sa iyaye su daina yarda da takardar har ƙarshen shekara, saboda haka mutum biyu su duba, ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na bin kalanda da yatsa.

Shafin baya na azuzuwa ne. Ba ke za ki rubuta wa kowa ba. Ki yanka 'yar takarda mai layi uku ki ba kowane malamin aji: abin da muka koya, abin da ke ba yara wuya, abin da za a yi a gida. Ki raba a zaman malamai na mako-mako, ki karɓa kafin a tashi, don in kika ce a kawo gobe, sai kin bi mutane aji-aji kwana biyar. Daga KG 1 zuwa aji 6 azuzuwa takwas ke nan, kowanne kalma 35 zuwa 40, jimla wajen 300, daidai shafi ɗaya. Inda aji ya kasu A da B, malaman biyu su haɗa nasu.

Ƙasan shafin ki bar kamar santimita 5 da layin yankewa: sunan yaro, ajinsa, wurin sa hannu ko dangwala yatsa, da lambar wayar da ke aiki yanzu. Wannan guntun shi ne ma'auninki. Kowane malami ya ƙirga nawa suka dawo cikin kwana uku. Ajin da bai kai rabi ba, a nan matsalar isarwa take, kuma an samu sababbin lambobi kyauta.

Wajen bugawa ki ƙirga gidaje, ba kawuna ba. Gida mai yara uku kwafi ɗaya ya ishe shi, a ba babban cikinsu. Rim ɗaya falle 500 ne, ya isa har a samu rarar da za a liƙa a allon sanarwa da bakin ƙofa, a kuma ajiye ɗaya mai sa hannun hedimasta a fayil don jami'in SISO, mai sa ido kan makarantu, idan ya zo zagaye. A raba Litinin ko Talata, a maƙale a cikin littafin aikin gida. Wadda aka raba Juma'a jaka take kwana har Litinin, in ma ba a naɗe ƙosai da ita a hanya ba.

Dabara ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi aiki: kafin a raba, 'yan aji 5 da 6 su karanta ta a aji a matsayin darasin karatu na minti 10, sannan biyu-biyu su gwada fassara ta da baki zuwa Hausa. Su ne za su karanta wa iyaye da daddare, gara su fara tuntuɓe a gaban malami.

Malamar Aji Uku, Asokore Mampong

Baba Hedimasta ya gama da siffar takarda. Ni zan tsaya kan tambaya ta biyu, domin a nan malamai suka fi ɓata aiki.

Tun da aka shigo da manhajar NaCCA, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, a Satumban 2019, kowane abin da za a koyar yana da lamba irin B3.1.1.1.1. B3 ɗin aji ne, sauran lambobin suna nuna babban fanni, da reshensa, da matakin da ake so yaro ya kai, da alamar da za ta nuna ya kai. Wannan na littafin shirin darasi ne. Sai malami ya kwaso jimlar manhajar ɗungurungum ya zuba wa iyaye, jimlar da shi kansa sai ya karanta sau biyu. Gwajin mai sauƙi ne: duk layin da za ki sa, ya zama abin da uwa za ta iya cewa yaro ya yi a gabanta yanzu, ta gani da ido ya iya ko bai iya ba.

Ɗauki lissafi. A manhaja aji 1 suna aiki da lambobi har 100, aji 2 har 1,000, aji 3 har 10,000, aji 4 har 100,000. Maimakon dogon bayani, na aji 2 ya ce: "Ki faɗi ɗari uku da biyar, ya rubuta. Idan ya rubuta 3005 ko 35 maimakon 305, bai gane gurbin lamba ba, ki sanar da mu." Shi ke nan. Wannan kuskure na 3005 ya yi yawa ƙwarai, dalilinsa kuwa yaro yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, 300 sannan 5. Akwai kuma 13 da 30, 14 da 40, waɗanda sunayensu na Turanci kusan ɗaya suke a kunne. A Hausa babu wannan ruɗani, goma sha uku daban, talatin daban, kuma goma sha uku tana bin tsarin rubutun lambar sak: goma tukuna, sannan uku. To uwa ta faɗa da Hausa, yaro ya rubuta, sannan ya faɗa da Turanci. Ta taimaka ke nan ba tare da ta san kalma ɗaya ta Turanci ba.

Ɗebewa mai aro ita ce ramin da 'yan aji 3 da 4 suka fi faɗawa a jarrabawar zangon farko. Ki ba su 402 a ɗebe 178. Amsa 224 ce, amma za ki ga 376 ta cika littattafai. Ba ganganci ba ne, yaron ƙa'ida yake bi: a kowane gurbi yana cire ƙarami daga babba, 2 daga 8, sifili daga 7, 1 daga 4. Ƙarin jimloli 20 ba zai gyara shi ba, sai dai ya ƙara kafa kuskuren. Abin da ke gyarawa canjin kuɗi ne. A yanka kwali a yi kuɗin wasa na sidi 100, sidi 10 da sidi 1. Yaro na riƙe da ɗari huɗu da sidi biyu, an ce ya biya 178. Biyu ba za ta ba da takwas ba, kuma ba shi da 'yar goma ko ɗaya, dole ya canja ɗari guda ta zama goma-goma guda goma, ya sake canja goma ɗaya ta zama sidi ɗai-ɗai guda goma. Yanzu yana da ɗari uku, goma tara, ɗai-ɗai sha biyu. Ya biya, ya ƙirga saura. Uwar da ke sayar da waakye (shinkafa da wake) ko ke da tebur a kasuwar Kejetia tana yin wannan canji sau ɗari a wuni, ta fi malamin sauri. Abin da ta rasa kawai a gaya mata cewa wannan ne darasin.

Karatu ya fi wannan wuyar ganewa, saboda yaranmu gwanaye ne a hadda. Allo ya horar da kunnensu, malami ya karanta shafi sau biyu sun ɗauke, su rera shi tiryan-tiryan, kowa ya ɗauka sun iya. Binciken karatu na ƙasa da aka yi a 2013 da 2015 ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan aji 2 ke karatu da sauƙi tare da fahimta, saboda haka kada kowa ya ruɗu da rerawar taro. A aji, a farkon Nuwamba, ki ɗauki guntun labari mai kalma kamar 60 wanda ba su taɓa gani ba, ki kira yaro ɗaya-ɗaya, minti ɗaya, ki ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Yara goma a rana, aji mai 50 ya ƙare cikin mako. Za su rabu uku: wanda bai san sautin haruffa ba, wanda yake haɗa sauti da ƙyar, da wanda ke karanta jimla. Kowane rukuni aikinsa daban, na farko katin haruffa, na biyu gajerun kalmomi, na uku labari da tambaya. A sake gwajin a farkon Disamba, a gwada yaro da adadinsa na baya, ba da na maƙwabcinsa ba.

Ga abin da za a rubuta wa iyaye a kai: yaro ya karanta da yatsa ƙarƙashin kalma, minti 10. A nuna masa kalma daga tsakiyar shafi, ko a ce ya fara daga layin ƙarshe ya yi sama. Mai hadda a nan yake tsayawa cik. Sannan ya rufe littafi ya ba da labarin da Hausa. Wanda ya iya faɗin wa ya yi me, kuma don me, ya fahimta. 'Yan KG da aji 1 kuma a lura ko suna fara rubutu daga dama, ko suna juya b da d. Ga yaron da ya fara da allo wannan ba abin tsoro ba ne, ɗigo ja a gefen hagu na kowane layi yana gyara shi cikin makonni.

Twi ma a ambace shi, layi ɗaya. Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati, a Kumasi Asante Twi ne, kuma iyaye sukan yi mamakin yaron da ke zuba Twi a titi ya faɗi a takarda. Magana daban, rubutu daban: akwai ɛ da ɔ, akwai ky, tw, dw, hy, duk sai an koya.

Kimiyya, in ana son abin da yara za su kai labarinsa gida da kansu, a shuka wake a gorar ruwa da aka yanke. Huji huɗu a gindi, ƙwaya uku, zurfin kamar santimita 2, a jiƙa waken tun dare, a shuka Litinin domin ya tsiro kafin Juma'a, a riƙa aunawa da rula. Gora ɗaya a kulle ta a kabad don a ga yadda rashin haske ke sa tsiro ya yi tsawo, fari, marar ƙarfi. Abin da ke kashe gwajin: gora marar huji sai iri ya ruɓe, wake mai ƙwari ba ya tsirowa, Asabar da Lahadi ba mai ban ruwa, sai kuma awaki. Yana kuma haɗuwa da zancen Ranar Manoma ba tare da an tilasta ba.

Sakataren Kwamitin Iyaye, Sabon Zango

Malamai, Allah ya ƙara basira. Baba, ka yi mini afuwa, ban yarda takarda ce gaba ba. Takarda shaida ce, amma abin da ke shiga kunnen iyaye mata a Zango saƙon murya ne. Ayi duka biyu, sai dai a ɗauki saƙon muryar a matsayin babban aiki, ba cikon benci ba.

Yadda yake tafiya daidai: a rubuta abin da za a faɗa tukuna, kada a kama waya a fara lalube. Kada ya wuce minti biyu. Sallama, sunan makaranta, ranaku sau biyu a hankali, roƙo guda, sallama. Bayanin azuzuwa a raba shi, kowane aji nasa saƙon na rabin minti zuwa minti ɗaya, da muryar malamin ajin in ya iya Hausa, a fara da faɗin ajin don mai ɗa a aji 2 kada ta saurari na aji 6. A yi na Hausa, a yi na Twi, domin ba duk ɗan Zango ne Hausa ta zauna wa ba, kuma akwai maƙwabta Asante da 'ya'yansu ke makarantar. Hausar kuma ta zama wadda ake ji a Aboabo da Alabar, ba ta labaran rediyo ba. A tura bayan isha'i. Da rana ana kasuwa, saƙo ya nutse ƙarƙashin wasu hamsin.

Takardar kanta a tura hotonta, shafi ɗaya hoto ɗaya, a ɗauka a haske, a miƙe. PDF wayoyi da yawa ba sa buɗewa, ko mai wayar ba ta san inda ya shige ba. Zauren WhatsApp ɗin a kulle shi, masu kula kaɗai ke turawa, a buɗe na awa biyu washegari don tambayoyi. In an bar shi a buɗe, kafin safiya sanarwar jarrabawa ta ɓace cikin barka da Juma'a da tallan atamfa. Masu ƙaramar wayar nan da ake kira yam kuwa, sai gajeren saƙon rubutu na ranaku, ko a roƙi limaman unguwa su sanar bayan salla.

Abu biyu da ke jawo rigima. Na farko kuɗi. GES ta sha hana karɓar kuɗin da ba a amince da shi ba a makarantun gwamnati, kuma duk adadin da ya fito a takarda mai sunan makaranta iyaye za su ɗauke shi dole. Idan gudummawa ce da iyaye suka yanke a taronsu, a fitar da ita a takardar kwamitin iyaye daban, da adadi, da abin da za a yi da kuɗin, da wanda ke karɓa, da rasit. Kada a sa lambar MoMo, wato ta tura kuɗi ta waya, ta malami. Kuma a rubuta ƙarara a kowace takarda cewa makaranta ba ta kiran waya ta ce yaro ya ji ciwo a turo kuɗi, domin 'yan damfara sun daɗe da gano wannan ƙofa. Na biyu hoton yara. Ghana na da dokar kare bayanan mutane tun 2012, Doka ta 843, kuma hoto da ya shiga zaure mai mutum 300 ya fita hannunku. A ɗauki hoton aikin, gorar wake, littafi, allo. In dole sai fuska, da izinin iyaye a rubuce, kuma babu cikakken suna a ƙasa.

Malamin Arabiyya, Tafo

Madalla da wannan zama. Ƙari kaɗan daga ɓangarenmu.

Wanda zai rubuta "a yi karatu awa ɗaya kowane dare" ya fara duba wunin yaron Zango. Ya taso daga boko, ya ci abinci, ya tafi makarantar allo har dab da magariba, a Nuwamba kuwa rana na faɗuwa a Kumasi kafin ƙarfe 6. Asabar da Lahadi da safe ma yana gaban malam. Abin da ya rage tsakanin magariba da isha'i ne. Minti 15 ga 'yan aji 1 zuwa 3, minti 30 ga manya, wannan ake iya cikawa. A kai kwafi ɗaya ga malaman allo na unguwa da ranakun jarrabawa, a roƙe su su sassauta hadda a makon. Akasari suna amsawa in an je musu da girmamawa. Makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na GES, wanda aka kafa a 1987, su ba malamin Arabiyya layinsa uku kamar kowa: surar da aka kai, haruffa ko wasullan da ake kai, ranar jarrabawarsa. Iyaye da yawa wannan layin suke fara nema, daga shi su gangara sauran.

A sa gargaɗin fashi. Makin aikin aji da gwaje-gwajen wata yana shiga sakamakon ƙarshen zango tare da na jarrabawa, yaron da aka tafi da shi biki ko ta'aziyya Arewa na kwana goma ya rasa makin da jarrabawa ba za ta maido ba. Iyaye da yawa ba su san haka ba.

Sai hunturu, da ke shigowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba. Layi huɗu sun isa: gorar ruwa kullum, man kaɗe a leɓe da dunduniya, rigar sanyi da aka rubuta sunan yaro a wuyanta, mai asma kuma a sanar da malami a sa masa abin shaƙarsa a jaka. A makaranta a yayyafa ruwa kafin shara, a tabbata bokitin Veronica, mai famfo na wanke hannu, na da ruwa da sabulu. Yaro mai jan ido, Apollo ɗin nan da ya samo sunansa tun 1969, ya zauna gida a kai shi asibiti, ban da ɗiga masa nono ko ruwan sukari. A tuna wa iyaye su duba katin inshorar lafiya na NHIS ko ya mutu, ana sabunta shi ta waya da *929#.

Bikin ranar ƙarshe da yara ke kira Our Day kuma, a faɗi tun yanzu cewa abincin gida ya wadatar, babu dolen sabon kaya. In ba haka ba kukan yara ne zai yanke wa iyaye kasafi.

Sabuwar Malama, Aboabo

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya bar zumunci. Saura ɗaya: wasu malamai na so a sa sunayen waɗanda suka yi na ɗaya zuwa na uku a gwajin wata, da kuma sunayen masu yawan fashi don iyayensu su ji kunya. A sa?

Tsohon Hedimasta, Asawase

Na masu fashi kada a sa ko kusa. Takardar tana zagaya gida-gida, kishiya ta gani, maƙwabta su gani, abin da ke biyo baya duka ne ga yaro da gaba da makaranta, ba zuwa aji ba. Kuma sau da yawa dalilin fashin ba na yaron ba ne: talla, rainon ƙane, rashin takalmi, ciwo. A rubuta adadi kawai, aji kaza yara kaza sun yi fashin fiye da kwana uku a Oktoba, daga rajista. Su kuma iyayen a kira su ɗai-ɗai da lambobin da suka dawo a guntun takardar, wanda bai ɗauka ba a haɗa malamin aji da ɗan kwamiti ɗaya su je gida bayan la'asar.

Na yabo a sa, amma ba na ɗaya zuwa na uku ba, don sunaye ukun nan ba sa canjawa daga Satumba har Yuli. Kowane aji suna biyu, na farko kawai ba tare da na mahaifi ba: wanda adadin kalmominsa ya fi ƙaruwa a gwajin minti ɗaya da Malamar Aji Uku ta bayyana, da wanda bai yi fashi ko makara ba duk wata. A ajiye jerin a bayan rajista don kada a maimaita yaro ɗaya kafin zango ya ƙare.